Amsa ga mai son ɗaga Hilux tun kafin ya hau ta

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya, na bari sai na samu natsuwa don ba ta amsuwa a layi biyu. Ka ce kana shirin sayen Hilux ta hannu, ka riƙa zuwa aiki da kai yara makaranta a cikin Kano, ƙarshen mako kuma ka shiga gona da ita wajen Haɗeja. Kana tambaya fetur ko gas, kuma ko ya dace ka ɗaga ta, ka sa manyan tayoyi da bamba ta ƙarfe da bututun shan iska na sama.

Shawarata ita ce kada ka taɓa komai tukuna. Ka saye ta, ka yi mata cikakken sabis, ka hau ta rani da damina yadda kamfani ya ƙero ta, hanyar gonarka da kanta za ta nuna maka abin da ya rage. Na daɗe ina hawan Hilux Vigo mai gas, aikina kuma yana kai ni arewacin Yobe, su Gashuwa da Yusufari da Machina, inda kwalta ke ƙarewa rairayi ya karɓa. Abin da na gani shi ne yawancin motocin da ke kafewa ba tsayi suka rasa ba, iskar taya ce ta yi yawa ko direba bai san lokacin sa ogzilari ba, wato giyan da ke sa ƙafafu huɗu su ja. Kuma duk abin da ka ƙara wa motar saboda ranar Asabar, daga Litinin zuwa Juma'a kana biyan kuɗinsa a gidan mai.

Bari in fara da inji. Vigo, wato wadda aka yi daga 2004 zuwa 2015, wadda ta fi yawa a kasuwarmu ita ce mai fetur 2.7, injin da ake kira 2TR. Sarƙar taimin gare shi ba bel ba, kowane bakanike ya san shi, kayansa kuma suna nan a Ƙofar Ruwa. Illarsa shan mai, sannan idan ka loda buhuna ka doshi tudu za ka ji yana nishi. Mai gas 2.5, wato 2KD, ya fi shi jan kaya da tsimin mai, amma irin na zamani ne da ke fesa mai da matsi mai tsananin ƙarfi, ba ya yafe gurɓataccen gas. Ruwa kaɗan ko datti ya isa ya lalata nozul, kuɗin canza su huɗu kuwa sai ka dafe kai. Taimin bel ɗinsa ana canzawa a kilomita 150,000, kuma idan mai sayarwa bai nuna maka shaidar an canza ba, ka ɗauka ba a canza ba. Tsofaffin injunan gas irin 5L, ko 1HZ mai silinda shida na Land Cruiser 70, su ne masu haƙuri da man bakin hanya, shi ya sa har yau mutanen Agadas da masu aikin asibitocin karkara ba sa rabuwa da su.

A da, tazarar kuɗin fetur da gas ita ke yanke hukunci. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 tazarar ta ragu sosai, lissafin ya koma kan irin tafiyarka. Kai da mafi yawan zirga-zirgarka cikin gari ce, mai fetur nake ba ka shawara. Idan kuma zuciyarka ta kafe a kan gas, to ka zaɓi gidan mai guda da ka yarda da shi, ka guji na jarka, ka riƙa yawo da filtar mai sabuwa a mota. A ƙasan filtar akwai ɗan famfo na roba. Ka saba da murɗe shi kana tarar abin da ya fito a cikin gorar ruwa mai haske. Idan ka ɗaga ta sama za ka ga ruwan ya kwanta a ƙasa, gas yana bisa. Duk gidan man da ya ba ka wannan, kada ka koma.

Sai ogzilari, kuma a nan nake roƙonka ka natsu. Ƙaramin giyan da ke gefen babban yana da H2 da H4 da L4. A kwalta H2 kawai, inda ƙafafun baya kaɗai ke ja. Hilux ba irin Prado ba ce da ke tafiya da ƙafa huɗu koyaushe. Idan ka sa H4, gaba da baya suna ɗaure da juna, dole su juya daidai. A kwana kuwa tayoyin gaba sun fi na baya cin tafiya. A ƙasa ko rairayi taya na ɗan zamewa ta sauke bambancin, a busasshiyar kwalta babu inda za ta zame, sai ƙarfin ya taru a shaf da giyabos. Za ka ji sitiyari ya yi nauyi, motar tana tirjewa a kwana, giyan ya ƙi fita. Na sha ganin motocin da aka kashe wa ogzilari ta wannan hanya, masu su suna cewa ai sun sa ne don ana ruwan sama. H4 na burji mai santsi ne da rairayi. L4 na taɓo mai zurfi ne da hawan gangare da ja wata motar, kuma sai ka tsaya cak kafin ka sa shi. Ka sa tun kafin ka shiga wurin, ba bayan ka nutse ba. Ko ba ka je gona ba, ka nemi hanyar ƙasa lokaci-lokaci ka sa shi ka ɗan taka, don mai ya zagaya.

Abin da ya fi komai amfani a rairayi kyauta ne: rage iska. Masu faci a gari sun saba dura 40 ko fiye a ma'aunin iska na PSI, har taya ta zama dutse. Da irin wannan iskar, da ka shiga yashi sai ta haƙa rami. Idan na iso bakin rairayi nakan sauka in tsuguna gaban kowace taya da ma'aunina, in danna bakin bawul da tsinke har ta sauko wajen 18 zuwa 20. Za ka ga cikinta ya ɗan buɗe, tafinta ya yi tsawo a ƙasa, motar da ɗazu take haƙa yanzu sai ta hau kan yashin. Sharaɗin shi ne ka tafi a hankali, ban da murɗa sitiyari da ƙarfi don kada taya ta fita daga rim, kuma da ka dawo kwalta ka mayar da iskar zuwa abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Taya mai ƙarancin iska a gudun kwalta zafi take ɗauka ta fashe. Saboda haka abu na farko da za ka saya shi ne famfon iska mai aiki da batir da ma'auni mai kyau. Idan ka ji ta fara nutsewa, ɗauke ƙafa daga totur nan take, ka gwada komawa baya a kan sawunka. Ƙara wuta binne ta kawai yake yi har ciki ya zauna.

Manyan tayoyin da kake sha'awa fa? Ɗauki misali: daga 265/70R16 zuwa 285/75R16, tsayin taya ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari. Agogo yana nuna maka 100 kana kan 107. Motar ta yi nauyin tashi, birki ya ƙara nisa, mai ya ƙaru, boris da bol join suna mutuwa da wuri, taya tana gogar jiki idan ka karya kwana. Abin da ka samu a ƙasan aksul bai kai inci ɗaya da rabi ba. Masu manyan haƙora na taɓo kuma kuka suke yi a kwalta tun daga Kano har Wudil, ga saurin cinyewa, ga santsi idan an yi yayyafi. Ka tsaya a girman da ta zo da shi, ka sayi masu rubutun AT, wato na kwalta da burji duka, sababbi, ka duba lambobi huɗun nan na jikin taya da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. A nan ne kuɗinka zai yi aiki.

Ɗagawa kuma, idan har ta zama dole, kada ta wuce inci biyu, kuma a yi ta da sifirin da shokozoba da aka ƙera don haka. Gaban Vigo ba aksul ɗaya ba ne irin na Land Cruiser 70, kowace ƙafa da shaf ɗinta. Ka ɗaga da yawa, shaf ya karkace, robarsa ta yage, yashi ya shiga. Ɗagawar da ake yi a wasu gareji da guntayen ƙarfe da walda, don Allah ka nisance ta, iyalinka za ka ɗauka a motar nan. Mota mai tsayi ta fi saurin kifewa idan ka kauce wa rami ko akuya a guje.

Bamba ta ƙarfe ba ka buƙatarta. Nauyi ce a kan hanci, wadda aka ƙera a gefen titi tana iya hana jakar iska buɗewa daidai, kuma a cikin gari inda yara da masu babur suke, abin da da zai zama rauni sai ya zama rasa rai. Wannan kaɗai ya ishe ni dalili.

Bututun sama yana da amfani, amma ba wanda mutane ke zato ba. Yana jawo iska daga sama inda ƙura ta fi sauƙi, musamman idan kana bin bayan wata motar a burji. Bai mayar da mota kwalekwale ba. Yankin Haɗeja ka san yadda ruwa ke malala a watan Agusta da Satumba. Duk ruwan da ba ka ga wata mota ta ratsa ba, ka sauka ka taka da sanda, ko ka tambayi mutanen garin, sun fi kowa sanin inda ƙasa ke da ƙarfi. Idan ya wuce tsakiyar taya ko yana gudu, ka haƙura ka zagaya. In ruwa ya kashe injin, kada ka sake murɗa makulli, domin ruwan da ya shiga silinda ba ya matsuwa, sandar fistin ce ke lanƙwashewa. Bayan kowace ratsa ruwa ka sa a duba man aksul. Idan ya koma fari kamar kunu, a zubar a sa sabo. Filtar iska kuwa lokacin hunturu ka riƙa buɗewa kana dubawa, kada ka jira ranar sabis.

Zaman yau da kullum da ita akwai abin da ya kamata ka sani, kuma ka sanar da uwargida tun yanzu. Tsawonta ya haura mita biyar, neman wurin ajiyewa a Kantin Kwari ko Sabon Gari aiki ne. Bayanta an yi shi ne don kaya, idan babu komai tana tsalle a gargada, a jiƙaƙƙiyar kwalta kuma gindinta na iya zamewa. Buhun yashi biyu a kan aksul na baya yana gyara wannan sosai. Kujerar baya a miƙe take, tsofaffi ba sa jin daɗinta a doguwar tafiya. Ga masu aro: kayan biki, siminti, ragon layya. Ka yanke tun farko wa za ka ba makulli, domin wanda bai san H4 ba zai iya jawo maka asara a yini guda. Ɓarayi ma suna sonta saboda tana da kasuwa har ƙetaren iyaka, don haka na'urar bin sawu tana gaba da duk wani ado.

A bayan kujera ka ajiye shebur, igiyar ja mai ƙarfi, katako mai faɗi da jak zai zauna a kai, safaya mai iska, da ruwan sha. Idan za a ja ka, a ɗaura a ƙugiyar da ke jikin shasi, mutane kuma su matsa nesa.

Ranar da za ka je duba motar, ka tafi da bakanikenka, ka kwanta ka leƙa ƙasa da idonka. Ka tabbata shaf na gaba yana nan, domin akwai waɗanda ake cirewa idan ogzilari ya lalace a sayar da motar a haka. Ka duba shasi ko akwai walda ko lanƙwasa, ka kai ta fili mai ƙasa ka sa H4 da L4 ka ji sun shiga sun fita, ka gwada lambar shasi da ta takardun kwastan. Idan ka samu wadda ta kwanta maka, turo shekararta da lambar injin da kilomitan da ke agogo a nan, sai mu duba abin da za ka fara canzawa. Allah ya sa a saya a sa'a.