Shin GPS na waya ya isa a auna nisan dabba a farauta?

Malam, ka tambaya ko za ka iya ɗaukar lambobin wuri daga tauraron ɗan'adam ka saka a manhajar lissafin harsashi maimakon sayen na'urar auna nisa. Ban ba ka shawarar haka ba.

GPS na waya wurin da kake tsaye yake nunawa, shi ma da kuskuren kusan mita 5 a fili, fiye da haka cikin bishiyoyi ko duwatsu. Inda dabbar take kuwa kintace kake yi da yatsa a kan taswira. Kurakuran biyu suna haɗuwa. Da harsashin .308 (wani nau'in harsashin bindigar farauta) a nisan mita 500, kuskuren mita 25 kaɗai wajen kintatar nisa yana kauce da harbi sama da santimita 15, sai ka raunata dabba ta gudu ta mutu cikin wahala. Wannan ne ke damuna.

Manhajar ba ta da laifi, abin da ka ba ta take lissafawa: nisa, saurin harsashi, iska, gangaren ƙasa. Ka nemi na'urar auna nisa mai aiki da hasken leza, wadda kuskurenta kusan mita 1 ne. Taswirar kuma ka bar ta don tsara hanyar da za ka matso kusa da dabbar.