Manhajarmu ta AI ta samu karɓuwa amma babu mai biya, mu koma sayar wa makarantu ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Kano, ni da abokina muka haɗa wata manhaja ta waya mai aiki da AI da take taimaka wa ɗalibai shirin JAMB da WAEC da NECO, yaro ya tura mata tambaya ta warware masa da Turanci ko da Hausa, kuma ta gano inda yake da rauni ta riƙa ba shi atisaye a wurin. Mutane sun sauke sosai har muna murna, amma da muka sa kuɗin wata sai kowa ya gudu, mu kuma duk wata sai mun biya kamfanin da muke hayar AI ɗinsa da dala. Yanzu wani mai makarantar kuɗi ya ce yana so a yi wa 'yan SS3 ɗinsa gaba ɗaya. Abokina ya ce mu watsar da ɗaiɗaikun mutane mu koma makarantu da kamfanoni kawai, ni kuma ina jin kamar cin amanar yaran da muka fara dominsu ne. Mene ne shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a nema. Abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, amma kada ku rufe komai kuma kada ku sake gina komai sai mai makarantar nan ya ajiye kafin alƙalami a asusunku, saboda "ina so" ba ciniki ba ne, alat ne ciniki.

Bari mu fara da abin da yake cin jarinku. Manhajar da ba ta da AI idan mutum dubu goma suka sauke kusan babu abin da ya ƙaru a kanka sai ɗan kuɗin saba, wato kwamfutar da take ɗauke da manhajar a intanet, taku kuwa duk tambayar da yaro ya tura akwai kuɗin da ake caje ku, kuma da dala, to tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, ka ga kuna sayen kaya da dala kuna rabawa kyauta ga yaron da kuɗin datarsa ma sai ya roƙi yayansa. Yawan masu saukewa a irin wannan hali ba abin murna ba ne tukuna, kowane sabon mutum ƙarin bashi ne. Sannan abokin gasarku ba wata manhajar Kano ko Legas ba ce, ChatGPT ne da Gemini da Meta AI ɗin da yake zaune a cikin WhatsApp ɗin yaron kyauta. Kamfanin Chegg na Amurka da yake sayar wa ɗalibai taimakon aikin gida, a watan Mayun 2023 shugabansa ya faɗa cewa ChatGPT ya fara rage musu sababbin kwastomomi, a wuni ɗaya darajar hannun jarinsu ta faɗi kusan rabi. Wannan fa kamfani ne mai miliyoyin masu biya a ƙasar da kowa yake da katin banki.

Za ka ce ai ga Duolingo nan, manhajar koyon harsuna, da ɗaiɗaikun mutane ta yi arziki. Haka ne, amma masu biyanta ba su kai ɗaya cikin goma na masu amfani da ita a wata ba, ta rayu ne saboda tana da mutane sama da miliyan ɗari da kuɗin talla da masu zuba jarin da suka yi shekaru suna ɗaukar asara. Ku ba ku da wannan numfashin. Waɗanda suka fi kama da hanyar da abokinka yake nunawa su ne kamfanonin sayar da darussa ta intanet, wato Coursera da aka kafa a 2012 ta buɗe sashen kamfanoni a 2016, da Udemy wadda zuwa 2023 kuɗin da take samu daga kamfanoni ya zarce na ɗaiɗaikun mutane, kuma ka lura dukkansu ba su rufe ƙofar ɗaiɗaikun ba.

Ka ɗauki lissafi na misali kawai. A ce makaranta ta biya naira 1,500 kan kowane ɗalibi a zango, ɗalibai 200, naira 300,000 ke nan daga sa hannun mutum ɗaya. Kafin ka tara wannan daga masu biyan 1,000 a wata sai ka samu mutum 100 da za su jure wata uku ba su tsere ba, idan kuma biyu ne cikin ɗari suke biya to sai ka ɗauki nauyin mutum 5,000 suna ƙona maka dala. Bambancin mai sayar da dila ne a Kantin Kwari da mai yanka yadi biyar biyar, ribar yadi ta fi tsoka amma mai dila ya san wa zai kira ranar Litinin.

Sai dai fa abin da matasa da yawa ba sa ganewa, kuma shi nake so ka fi riƙewa, shi ne ranar da ka koma makarantu mai amfani da kayanka daban mai biya daban. Yaro yana son manhaja mai saurin amsa da ba ta cin data. Mai makaranta kuwa ba ruwansa da wannan, abin da yake hana shi barci shi ne rizal ɗin WAEC da zai liƙa a bakin get, da iyayen da suke barazanar cire 'ya'yansu su kai makarantar da ke layin baya, da malamin lissafin da ya ajiye aiki ana tsakiyar zango. Idan ka shiga ofishinsa kana bayanin irin AI ɗin da kuka yi amfani da shi zai yi ta gyaɗa kai ne yana duba waya. Ka kai masa takarda shafi ɗaya da take nuna cewa a SS3B yara goma sha kaza ba su gane lissafin kaza ba, ga sunayensu, ga wanda bai taɓa buɗe atisaye ba tun makon jiya, ka ce duk Juma'a irin wannan za ta shigo masa ta WhatsApp. Wannan takardar ita ce hajarku yanzu, ita zai ɗaga a taron PTA ya kare ƙarin kuɗin da ya sa.

Akwai kuma mutum na uku da zai iya kashe cinikin ba tare da ya ce uffan ba, wato malamin aji. Idan ya ji a ransa cewa an kawo injin da zai maye gurbinsa ko ya tona asirin rauninsa, ba zai yi faɗa da kai ba, zai manta ne kawai ya kai yara ɗakin kwamfuta, zango ya ƙare babu wanda ya taɓa manhajar, mai makaranta ya ce bai ga amfaninta ba. Ku ba malami abin da zai rage masa wahala tun makon farko, ta fitar masa da tambayoyin gwaji, ta yi masa makin, ya samu yammacinsa. Kuma ka je da ƙafarka ka ga ɗakin kwamfutar kafin ka yi alƙawari, don za ka iya tarar da kwamfuta ashirin rabi ba sa tashi, babu wuta sai an tada janareta, ga dokar hana shigowa da waya, kai kuma manhajarka ta waya ce.

Maganar kuɗi kuma a nan ake kuka. Ɗaiɗaikun mutane ba sa biya da yawa amma wanda zai biya nan take yake biya, makaranta da kamfani kuwa sai ka kai takardar neman biya, a ce akanta ba ya nan, a ce sai iyaye sun gama biyan kuɗin makaranta, alhali kamfanin AI ɗinku ba ya jiran kowa. Don haka ku rubuta a yarjejeniya cewa rabi kafin a fara, sauran kafin tsakiyar zango, idan ba a cika ba manhaja ta tsaya, kuma ku sa iyakar tambayoyin da kowane ɗalibi zai yi a rana don kada aji ɗaya ya cinye ribar makarantar gaba ɗaya. Gwaji na kyauta kada ya wuce aji ɗaya na 'yan makonni. Kwangilar gwamnati kuwa ina roƙonka ka bar ta tukuna, lambobinta suna da daɗin ji amma ƙaramin kamfani ba ya iya jiran biyanta.

Wani tarkon shi ne kowane mai makaranta zai ce a ƙara masa abu, wannan yana son a haɗa da karɓar kuɗin makaranta, wancan yana son rajistar zuwan malamai, idan kuka biye musu kafin shekara kun zama masu rubuta manhaja a kan kwangila, kuna da kaya kala biyar babu wanda ya nuna. Abin da makarantu uku ba su nema ba kada ku gina shi, sai dai in mai nema zai biya kuɗin aikin daban.

Ku gyara takardunku tun yanzu, rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da lambar haraji da asusun banki da sunan kamfani, don babu akantan kirki da zai tura kuɗi asusunka na kanka, kuma ku sani manyan kwastomomi suna cire wani kaso na haraji kafin su biya, ku sa shi cikin farashi. Sannan bayanan yara ne za ku riƙe, dokar kare bayanai ta 2023 ta ce wanda bai kai 18 ba sai da amincewar iyaye ko mai kula da shi, to a rubuta cikin yarjejeniya wa zai karɓo wannan amincewar.

Kamfanoni da abokinka ya haɗa a maganar wata kasuwa ce daban. Akwai kuɗi a can, manyan ma'aikatu ma suna biyan kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansu ga hukumar ITF, wato asusun gwamnati na horar da ma'aikata, to suna da kasafin abin, amma abin da kuka gina na jarrabawar sakandare ne, bankin da yake son horar da ma'aikatansa ba zai saya ba. Ku tsaya kan makarantun kuɗi da cibiyoyin lesin da na CBT, waɗannan su ne suke da irin ciwon da kuke da maganinsa.

Batun cin amana kuma na ji daɗi da ka kawo shi, kada ka bari a raina maka wannan tunanin. Amma yaran nan idan kamfanin ya mutu a wata shida me suka samu? Ku bar musu ƙofar kyauta da 'yan tambayoyi kaɗan a rana gwargwadon abin da aljihunku zai ɗauka, ku daina kashe kuɗin talla a kanta, kuɗin makarantu ya riƙa ɗaukar nauyinta. Tana ma da amfani a gare ku, don idan ka gano yara da yawa daga makaranta ɗaya suna amfani da ita ka samu abin da za ka buɗe baki da shi a ofishin firinsifal ɗinsu.

Ka koma wurin mai makarantar nan cikin makon nan da farashi a rubuce, kuma ka tambaye shi yaushe suke buga takardar kuɗin zango mai zuwa, saboda idan kuɗinku bai shiga cikin wannan takardar ba sai dai ya biya daga aljihunsa, kuma da wuya ya yi. In ya biya ya kuma ga amfani, ka roƙe shi ya gabatar da kai a taron ƙungiyarsu ta masu makarantu wato NAPPS, sai makaranta ta uku ta sabunta biya a zango na biyu sannan ku zauna kai da abokinka ku yi maganar ɗaukar ma'aikacin talla.