Na ƙi sa hannu a takardar ƙarya: in ajiye aikin ko in daure?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, shekara biyu ke nan da aka ɗora ni a kan sashen sayen kaya a wurin aikinmu, kuma ban nema ba. Tun da na hau nake fama. 'Yan kwangila kan sako ambulan a cikin fayil su ce kyauta ce, ni kuwa ina mayarwa. Kwanan baya aka kawo kaya, na shiga sito na ƙirga da hannuna, kwali 70 na samu, takarda kuma ta ce 100. Na ƙi sa hannu. Wanda ke sama da ni ya kira ni ya ce kada in zame wa mutane ƙarfen ƙafa. Yanzu in na shiga ofis sai hira ta mutu, gaisuwa ma da ƙyar ake amsa mini. Barci ya ƙaurace mini, ga iyali a wuyana. Shin zamana a wurin laifi ne tunda na san ana ɓarna? In ajiye aikin? Kuma kyautar nan, in ban yi wa mai ita wata alfarma ba, ta halatta?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, maganar kyauta tun a zamanin Annabi (SAW) aka yanke ta. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Humaid As-Sa'idi cewa Annabi ya tura wani mutum, Ibnul Lutbiyya, karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ce: wannan naku ne, wannan kuma ni aka ba kyauta. Annabi ya hau mumbari ya ce, me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar? Ka lura, Annabi bai tambaye shi ko ya sassauta wa wani ba. Ma'aunin da ya sa shi ne: kai aka ba, ko kujerarka? Ɗan kwangilar da bai san ƙofar gidanka ba kafin ka hau, kujera yake gaisarwa. Saboda haka ambulan ɗin haramun ne ko da ba ka yi masa komai ba yau, don in baki ya ci, ido kan ji kunya gobe. Umar ɗan Abdul'aziz, wanda ya riƙe halifanci daga shekara ta 99 zuwa 101 bayan Hijira, cewa ya yi kyauta a zamanin Manzon Allah kyauta ce, a yau kuwa cin hanci ce. Wanda kuka saba musayar alheri tun kafin muƙamin, kuma ba shi da wata buƙata a teburinka, wannan dabam ne.

Sa hannu a kan kwali 100 alhali 70 ka gani shaidar zur ce, wadda Annabi yana kishingiɗe ya tashi zaune ya yi ta maimaita gargaɗi a kanta. Umarnin na sama da kai ba zai halatta ta ba, biyayya a cikin abin da yake daidai take. Ka yi daidai da ka ƙi.

Saura babbar tambayarka, wato zama ko tafiya. Ba kai ka fara jin wannan tsoron ba. Muslim ya ruwaito daga Adiyyu ɗan Amira cewa Annabi ya ce duk wanda aka ɗora a kan wani aiki ya ɓoye ko da allura ce, to ha'inci ne da zai zo da shi ranar alƙiyama. Nan take wani mutum daga Ansar ya miƙe ya ce: ya Manzon Allah, karɓi aikinka. Annabi ya tambaye shi dalili, ya ce na ji ka faɗi kaza da kaza. Annabi bai janye maganar ba, ya maimaita ta, sannan ya nuna masa yadda ake tsira a cikin aikin: ya kawo komai, kaɗan da mai yawa, abin da aka ba shi ya karɓa, abin da aka hana shi ya bari. Mutumin ya zo da murabus, aka amsa masa da bayanin yadda ake riƙe amana.

Mutane da yawa kan riƙe hadisin Abu Zarr su gudu daga kowane muƙami, inda Annabi ya ce masa kai mai rauni ne, ita kujerar shugabanci kuwa amana ce, kuma ranar alƙiyama wulaƙanci ce da nadama. Sai su manta da ƙarshen hadisin: sai fa wanda ya karɓe ta da haƙƙinta, ya sauke abin da ke kansa a cikinta. Kai kuma ka ce ba ka nema ba, to akwai albishir a hadisin Abdurrahman ɗan Samura, cewa wanda aka ba shugabanci ba tare da ya roƙa ba, za a taimake shi a kansa.

Annabi Yusuf (AS) da bakinsa ya ce a ɗora shi a kan taskokin ƙasar Masar, a aya ta 55 ta Suratu Yusuf, alhali sarkin da jama'arsa ba a kan addininsa suke ba. Ya ga shekara bakwai na fari suna tafe, ya san in abincin ya faɗa hannun maciya amana mutane za su halaka. Malamai sun kafa hujja da wannan a kan halaccin riƙe muƙami a gurɓataccen wuri ga wanda zai rage ɓarna. An yi wa Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a shekara ta 728 bayan Hijira, tambaya makusanciyar taka: mutum ne a kan muƙami, ana zalunci a wurin, yana rage abin da zai iya, kuma ya san in ya sauka wanda zai gaje shi ƙara zaluncin zai yi. Ya amsa cewa zamansa ya halatta, ba shi da laifi a kan abin da ya fi ƙarfinsa, har ma zaman yana iya zama wajibi in babu wanda zai tsaya a madadinsa.

To a kan haka nake ba ka fatawa. Zamanka ba laifi ba ne muddin hannunka bai taɓa haram ba, albashinka halal ne, kuma zaman ya fi tafiya lada. Ka tambayi kanka: ranar da ka miƙa takardar murabus, su wa za su yi murna? Waɗanda suka ci kuɗin kwali 30 ɗin nan ne. Na sha ganin mutanen kirki suna barin kujera don tsarkake kansu, kafin wata ya zagayo an ɗora wanda ko ƙofar sito bai sani ba, sa hannu kawai yake yi. Annabi ya ce muminin da ke cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu ya fi wanda ba ya cuɗanya da su kuma ba ya haƙuri da cutarwarsu.

Amma hukuncin yana juyawa. In ya kai ga ba za ka iya zama ba sai ka sa hannu a ƙarya, ko ka ji zuciyarka ta fara laushi, ka fara ƙirga abin da ambulan ɗaya zai biya maka, to ka tafi, tafiyar ta zama wajibi. In kuwa lafiyarka ce ke lalacewa da gaske, ko ana barazana ga ranka, ya halatta ka nemi a canza maka sashe ko ka ajiye, babu zargi a kanka. Allah ya ce ku ji tsoronsa gwargwadon iyawarku. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya: kana da iyali, ka fara duba wata hanyar tun yanzu, kada fushin rana ɗaya ya sa ka fita.

Kafin nan, duk abin da ka ƙirga ka rubuta shi da kwanan wata, ka riƙa shiga sito da shaida, ka kai rahoto inda dokar wurin aikin ta tanada. Na sama da kai ka same shi ku biyu, ka yi masa nasiha da ladabi, ba a gaban mutane ba. Sannan ka kiyayi wata cuta da ke kama masu gaskiya, wato ganin kowa ɓarawo ne sai su. A cikin waɗanda ke yin shiru in ka shigo akwai matsorata da masu jiran su ga ko za ka ɗore. Ka riga su sallama, ka duba marar lafiyarsu, ka tsaya wa na ƙasa da kai a kan haƙƙinsa, don Annabi ya roƙi Allah ya tausasa wa duk wanda ya jiɓinci al'amarin al'ummarsa ya tausasa musu. Ka yi istihara, ka shawarci wani mai amana da ya san wurin aikin fiye da yadda wasiƙarka ta nuna mini.

Allah ne mafi sani.