Me yasa ake yanke labari in an mayar da littafi fim?

'Yar uwa kin tambaya me yasa in an mayar da littafi fim sai a ga rabin labarin ya ɓace, wallahi nima abin yana min ciwo amma ba kullum laifin darakta bane. Kinga a rubutun fim shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, fim ɗin awa biyu bai wuce shafi 120 ba, littafi kuwa sai ya kai 400, to dole a zubar da wasu mutane, wani lokacin ma a haɗe biyu su koma mutum ɗaya.

Ni inda na fi ganin wahalar shi ne zancen zuci. Marubuci zai cika shafi uku da abinda ke ran yarinya bayan an kawo mata labarin rasuwa, kyamara kuwa bata shiga zuciya, sai dai ta nuna miki hannunta na rawa ta kasa riƙe kofi, ko ta ɗauki waya ta sake ajiyewa. In jarumar bata iya ba shikenan wajen ya mutu. Wasu sai su sa murya tana ta bayani, ni dai bana so in yayi yawa.

Ga kuma haƙƙin mallaka, sai an sayi izini, a yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka yana nan har shekara 50 bayan mutuwar marubuci, ƙasashe da yawa ma 70 ne. Yana cikin dalilan da ake ta maimaita tsofaffin labarai waɗanda haƙƙinsu ya ƙare.