Kuri'ar lasisin farautar elk a Colorado

Ka ce sau biyu kana shiga kuri'ar lasisin farautar elk, babbar barewar nan ta duwatsun Amurka, ba ka dace ba. Kada ka karaya. A jihar Colorado, duk shekarar da ka rasa yankin farautar da ka sa a zaɓinka na farko ana ba ka maki ɗaya, masu maki da yawa kuma su ake fara ba wa. Kuskuren mutane shi ne nacewa kan yankin da kowa ke rububi. Nemi wanda makinka zai kai, ka cike takarda kafin farkon Afrilu, lokacin rufewa.

Sai batun tsauni. Sama da mita 3,000 iska ba ta isar mutum, ko ƙato ne. Ka isa wurin kwana biyu ko uku kafin farauta, jikinka ya saba. In kana da hawan jini ko ciwon zuciya, fara ganin likita. Dokokin bana kuwa, tambayi hukumar kula da namun daji ta jihar, Colorado Parks and Wildlife.