Amsa kan silindar da ta koma yoyo bayan an sauya mata roba

Ɗana, saƙonka ya iso gare ni game da tsohuwar taraktar nan mai bokiti a gaba. Ka ce silindar haidurolik da ke ɗaga hannun bokiti ta ɓangaren dama tana yoyon mai, ka kwance ta ka sauya mata robobin da ke hana mai fita, amma ba a jima ba man ya dawo yana bin rodi, wato sandar ƙarfen da ke shiga da fita a cikin silindar, kuma idan aka ɗaga bokiti aka kashe inji sai hannun ya riƙa sauka a hankali har ya taɓa ƙasa. Kana tambaya ko robobin da ka sayo ne jabu, da kuma ko ka sake sayo wasu ka gwada. Jabun roba akwai shi, amma a mafi yawan lokuta ba nan gizo yake saƙa ba. Roba ba ta cika mutuwa da kanta ba, wani abu ne yake kashe ta, kuma muddin ba ka gano shi ba, duk wadda ka saka za ta bi sahun ta farko.

Kafin ka taɓa sifana, sauke bokitin ya zauna daram a ƙasa, ka kashe inji, sannan ka motsa libar da ke sarrafa hannun gaba da baya sau da yawa har matsin da ya rage a cikin tiyo ya koma tanki. Idan aikin ya tilasta maka barin hannun a sama, ka tokare shi da ƙarfe mai ƙarfi, kada ka yarda ka shiga ƙarƙashin hannun da mai kaɗai ke riƙe da shi. Irin waɗannan taraktoci suna aiki da matsi tsakanin bar 140 zuwa 200, bar kuwa ma'aunin matsi ne, alhali bar 7 kawai ya isa ya huda fatar mutum idan man yana fita ta ƙaramin rami. Saboda haka da kwali ake neman wurin yoyo, ba da tafin hannu ba. Wanda mai ya shige masa fata zai ga ɗan tabo kamar na allura ya raina shi, amma aikin likitan tiyata ne a cikin sa'o'i kaɗan, in ba haka ba yana iya rasa yatsa ko hannu.

Abubuwa biyu ka haɗa a tambayarka, kuma ba lallai ne tushensu ya zama ɗaya ba. Man da ke bin rodi yoyon waje ne, daga robar bakin silinda yake. Saukar hannu kuwa galibi yoyon ciki ne, kuma a nan ne makanikai da yawa suke ɗora wa robar fistan laifin da ba nata ba. Yi tunani a kan yadda silindar ɗagawa take riƙe nauyi. Nauyin hannun yana tura rodi ciki, man da ke bayan fistan, wato faifan ƙarfen da ke ɗaure a kan rodi a cikin silinda, yana hana shi. A ce robar fistan ta lalace gaba ɗaya, kuma bawul ɗin da liba ke buɗewa da rufewa ya rufe hanyoyin mai biyu na silindar ruf. Man da ke baya zai so ya tsallaka zuwa gaban fistan, amma wurin da ke gaba bai kai na baya girma ba, domin rodi ya cinye wani sashe nasa. Tunda mai ba ya matsuwa, rodin ba shi da inda zai shiga sai an fitar da mai daidai da girmansa daga cikin gangar silindar. Hannun zai ɗan zauna kaɗan ya tsaya. Idan ya ci gaba da sauka har ƙasa, to man yana samun hanyar fita ne, ko dai ta bawul ɗin da ya cinye ya koma tanki, ko ta waje inda ido zai gan shi.

Sai dai kada ka fahimci cewa lalacewar robar fistan ba ta da illa. Illarta tana ɓoye ne, kuma mai yiwuwa ita ce ta kashe maka sabuwar robar baki. Ɗauki silindar da faɗin cikinta milimita 60 ne, rodinta kuma milimita 30. Fuskar fistan ta ninka fuskar rodi sau 4. Lokacin da robar fistan take lafiya, nauyin yana kan fuskar fistan duka. Da zarar ta lalace, matsin gaba da na baya sun zama ɗaya, sai nauyin ya koma kan fuskar rodi kaɗai, matsin da ke cikin gangar ya ninka sau 4, kuma duk wannan matsin yana danna robar bakin da a da ba ta ɗaukar komai yayin da hannu yake sama. Wannan matsin ne kuma yake ƙara saurin yoyon bawul. A silindar bokiti lamarin ya sha bamban idan nauyin yana jan rodi waje ne, domin a nan man gaba yana da wadataccen wuri a baya, don haka robar fistan kaɗai ta isa ta sa bokiti ya riƙa kifewa.

Hanyar tabbatarwa ba ta da wuya. Ka tokare hannun, ka cire fil ɗin kan rodi na silindu biyun, ka ɗora su a kan katako yadda rodi zai fita ba tare da ya bugi komai ba. Ka tura su har ƙarshe, ka kashe inji ka sauke matsi, sannan ka kwance tiyon da ke kusa da bakin silindar da kake zargi, ka toshe bakin tiyon da marfin ƙarfe, ka bar ramin silindar a buɗe da gwangwani a ƙarƙashinsa. Ka tada inji ka ja liba ta ɓangaren fitar da rodi na ɗan lokaci, kana tsaye a gefe. Ɗigo kaɗan ba komai ba ne, amma idan mai ya riƙa kwarara to robar fistan ta tafi. Ka sani wannan gwaji yana nuna halin ƙarshen gangar ne kawai, alhali cinyewa ta fi yawa a tsakiya inda fistan ya fi kai da komo, don haka sai ka buɗe za ka ga sauran.

Wajen kwancewa, wanke silindar tas tun tana jikin tarakta, kuma ka sassauta murfin bakinta kafin ka cire ta, domin babu bais, wato abin damƙe ƙarfe na kan teburin aiki, da zai riƙe maka ita kamar fil ɗinta. Murfin iri-iri ne. Akwai mai zare wanda ake juyawa da sifana mai haƙora biyu, akwai wanda zoben ƙarfe ke riƙewa, wanda sai ka ɗan tura murfin ciki kafin zoben ya fito, akwai kuma mai dogayen kusoshi huɗu daga wannan kai zuwa wancan. Wasu tsofaffin silindu suna da jerin robobi masu siffar V da noti mai matse su, kuma irin wannan wani lokaci ɗan ƙara ɗauri yana tsayar da naso. Ka duba ko akwai ƙaramin sukurun kulle a gefe kafin ka sa ƙarfi. Kada ka bugi murfi da kurfi da guduma, kuma kada ka yi amfani da iskar kwamfuresa wajen fitar da rodi, domin zai fito kamar harsashi. Notin fistan yana da ɗauri ƙwarai, sau da yawa da gam a zarensa, kuma wannan gam ɗin yana sakewa idan aka ɗumama notin ya kai wajen digiri 250 a ma'aunin Celsius. Ka riƙe rodin ta idonsa, ka zura sandar ƙarfe a ciki. Haƙoran bais ba sa taɓa wurin da ke ƙyalli ko da sau ɗaya.

Yanzu ka shimfiɗa tsofaffin robobin a kan tsumma mai tsabta bisa jerin da suka fito, ka karanta su kafin ka jefar. Robar da ta yi tauri tana karyewa idan ka lanƙwasa ta, zafi da tsufa ne suka ci ta, kuma ita ce kaɗai wadda sauyi ya wadatar. Wadda ke da zane-zane a tsaye a leɓenta, datti ne ko tabon rodi ya yanka ta. Wadda ta cinye ta gefe ɗaya ta bar ɗaya, rodin ya lanƙwashe ko yana tafiya a karkace. Wadda bayanta ya tsattsage kamar ɓera ya gaigaye shi, matsi ne ya tura ta cikin ratar da ke tsakanin rodi da murfi, wanda ke nuna ko murfin ya faɗaɗa ko matsin ya wuce kima. Wadda ta kumbura ta yi laushi, man da aka zuba bai dace da ita ba. Ina kyautata zaton taka za ta nuna ko dai zane a tsaye ko cinyewar gefe guda, tunda ba ta daɗe ba.

Daga nan sai rodi, kuma a kansa nake so ka ɓata lokaci. Kurom, wato rufin ƙarfe mai ƙyalli da ke jikinsa, bai kai kaurin gashin kai ba. Ka goge shi ka bi shi da farce daga sama har ƙasa, ta kowane gefe, a wuri mai haske. Duk inda farcenka ya maƙale, roba ma za ta maƙale. Ƙaramin tudu da dutse ya tayar ana iya kwantar da shi da dutsen wasa mai laushi ko samfefa mafi laushi da ɗan mai, a zagaye rodin ba a bi tsawonsa ba. Amma ramukan tsatsa, musamman a sashen da ke zama a waje lokacin da aka ajiye tarakta, ba sa gyaruwa da gogewa, haka ma kurom da ya fara ɓarewa. Irin wannan rodi sai a sake masa kurom ko a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su yanko sabo su yi masa zare su walda masa tsohon idon, kuma a tsohuwar tarakta sabon ya fi kwanciyar hankali. Don gane lanƙwasa, ka ɗora shi a kan matokarai biyu ka juya shi da agogon awo a tsakiya. Abin da ya wuce rabin milimita a kowace mita ɗaya ya yi yawa. Ka zura rodin cikin murfin babu roba ka girgiza, in ka ji yana kaɗawa sosai to murfin ma ya gama aiki. Gangar kuwa ka haska ta da tocila. Ƙananan zane suna fita da dutsen goge silinda, amma zurfafan layuka da kumburin tsakiya ba sa fita.

Sayen roba da awo ake yi, ba da ido ba. Ka auna kaurin rodi, faɗin cikin ganga, da faɗi da zurfin kowane gurbi, domin tsohuwar roba ta riga ta sauya siffa. Ka lura ko silindar ta inci ce ko ta milimita, domin rodi mai inci ɗaya da kwata milimita 31.75 ne, kuma robar milimita 32 za ta shiga kamar ta dace amma ba za ta riƙe mai ba. Wannan kuskure kaɗai yana sa a zargi roba mai kyau da jabu.

Wajen sakawa, leɓen robar baki yana kallon ciki, inda matsi yake. Robar share ƙura tana kallon waje, kuma kada ka raina ta, domin ita ce ke hana yashi shiga. Zoben da ke tallafa wa roba mai zagaye yana zama ne a gefen da matsi ba ya zuwa. Ka shafa wa komai man haidurolik mai tsabta, ka naɗe zaren rodi da salatif kafin ka zura murfi don kada haƙoransa su yanki leɓe, kuma ka ajiye sukudireba gefe ka yi aiki da abu mara kaifi. Idan robar fistan irin mai taurin nan ce ta Teflon, ka jiƙa ta a ruwan zafi ta yi laushi, ka saka, sannan ka matse ta na ɗan lokaci ta koma girmanta kafin ka tura fistan cikin ganga. Ka ɗaure notin fistan da awon da littafin injin ya faɗa, da sabon gam, domin notin da ya kwance a ciki yana lalata gangar gaba ɗaya.

Shawarata ita ce ka yi silindu biyun tare, tunda shekarunsu ɗaya kuma mai ɗaya suke sha. Kafin ka mayar da su, ka girgiza fil da bushi na hannun. Idan sun cinye, hannun yana karkata a ƙarƙashin kaya yana tura rodi gefe, kuma wannan yana daga cikin manyan masu kashe roba a tsofaffin injuna. Ka duba man tanki ma. In ya yi fari kamar madara ruwa ya shiga, in yana ƙyalƙyali da garin ƙarfe to wani abu yana cinyewa, kuma a kowane hali sai a zubar a sauya matatar mai. Bayan haɗawa, ka tada inji a ƙaramar wuta, ka ɗaga ka sauke a hankali sau da yawa babu kaya, ba tare da kai rodi ƙarshe da ƙarfi ba, har rawar hannun ta daina. Iskar da ta maƙale a ciki idan aka matse ta da sauri tana yin zafin da ke ƙona roba. Sannan ka cika tanki, ka ɗebi kaya a bokiti, ka ɗaga shi kaɗan daga ƙasa, ka kashe inji, ka yi alama a jikin rodi da alƙalami ka auna bayan minti 15. Idan rodi a bushe yake amma alamar ta matsa sosai, silindunka sun gyaru, saura bawul, kuma kada ka kwance shi sai na zo mun duba tare. Ka ajiye mini tsofaffin robobin a jere yadda ka fitar da su, tare da awon rodin.