Shekarata 64, in bi ɗana mu hau Kilimanjaro?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekarata 64, na yi ritaya bara. Nakan hau dutsen Kufena a nan Zariya ranar Asabar, kuma ina tattaki bayan sallar asuba. Ɗana da ke aiki a Tanzaniya ya ce in zo nan da wata uku mu hau Kilimanjaro, tafiyar kwana biyar. Ina shan maganin hawan jini, kuma ban taɓa hawa dutsen da ya fi Kufena ba. In amsa masa?

Amsa: Ranka ya daɗe Alhaji, shekarunka ba su ne abin da ya tsaya mini a rai ba. A 2019 wata Ba'amurkiya, Anne Lorimor, ta kai ƙololuwar dutsen nan tana da shekara 89. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kwana biyar ɗin, da kuma wata ukun.

Tsawon Kilimanjaro mita 5,895 ne. Ba a buƙatar igiya ko gwanintar maƙale wa dutse, takawa ce kawai, shi ya sa mutane ke raina shi. Amma a can sama, iskar da huhu ke zuƙa a numfashi ɗaya kusan rabin wadda ka saba da ita ce a gida. Daga mita 2,500 jiki ke fara jin canjin: ciwon kai, tashin zuciya, abinci ya fita daga rai, barci ya gagara. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga wannan. Matashi mai gudun safe yakan kwanta, dattijo mai tafiyar hawainiya ya wuce shi. Lokaci kawai jiki ke nema ya saba, kuma shawarar likitoci ita ce da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500.

To dubi tafiyar kwana biyar ɗin, wadda galibi ta hanyar Marangu ake yinta. Daren farko a zangon Mandara, wajen mita 2,700. Na biyu a Horombo, wajen 3,700. Na uku a Kibo, wajen 4,700, inda za a tashe ka da tsakar dare, cikin sanyin da ruwan gorarka ke daskarewa, ku kama hanyar ƙololuwa da fitila a goshi. Kowane dare kusan mita 1,000 ke nan, ninki biyu na abin da ake so. Ta fi arha, shi ya sa ake yawan tallata ta. Ni dai ba zan sa hannu dattijon da bai taɓa gwada jikinsa a sama ba ya bi ta. Hanyar Lemosho ta kwana takwas ta fi dacewa da kai. A kanta akwai ranar da ake hawa Lava Tower, wajen mita 4,600, a sauko a kwana a Barranco ƙasa da 4,000, don jiki ya ɗanɗana ya huta. Masu ja-gora, waɗanda doka ta wajabta a tafi da su, za ka ji suna ta cewa "pole pole", wato sannu a hankali. Ka bi maganarsu ko da ɗanka na gaba yana waige.

Kafin batun tikiti, sai ka ga likitan zuciya. Hawan jinin da magani ya riƙe ba ya hana tafiya, amma jini yakan ƙara hawa a sama, kuma zuciya na aiki fiye da kima. A yi maka gwajin bugun zuciya na ECG da wanda ake yi kana tafiya a kan na'ura. In kana jin ƙirji na ɗaurewa ko numfashi na sarƙewa a Kufena, maganar ta ƙare a nan. A yi maka gwajin sikila ma, wato genotype. Mai sikila ba ya zuwa, kuma mai AS, wanda da yawa a cikinmu suke ɗauke da shi ba su sani ba, saifarsa na iya samun matsala a irin wannan tsawo. Akwai maganin acetazolamide da ke taimaka wa jiki sabawa, amma yana sa yawan fitsari, don haka likitan da ya san magungunan da kake sha ne zai yanke hukunci a kansa, ba mai kemis ba.

Sai gwiwa. Ranar da aka kai ƙololuwa, a ranar ake gangarowa fiye da mita 2,000 a kan tsakuwa mai zamewa, bayan an kwana ana hawa. Kufena ba zai nuna maka wannan ba. Ka ba kanka kamar wata tara zuwa shekara: tafiyar awa biyar ko shida da jaka a baya, kwana biyu a jere, da takalmin da za ka tafi da shi da sanduna biyu. Duwatsun Shere na kusa da Jos, mita 1,829, wurin gwaji ne mai kyau ga ƙafa, ko da yake ba su kai tsawon da za su gwada numfashinka ba.

Ziyarar nan da wata uku kuwa, ka je abinka. Ana yin tafiyar yini guda daga ƙofar Marangu zuwa Mandara a dawo, ta cikin kurmi, ka ji yadda jikinka zai karɓa. In ya yi daɗi, ku sa rana tsakanin Yuni da Oktoba na baɗi, lokacin da ruwa ke ɗaukewa. Kuma ku yi alkawari da ɗanka tun a ƙasa: in ciwon kai ya ƙi jin magani, ko ka fara tangaɗi, ko magana ta rikice, ko tari da haki suka kama ka kana zaune, saukowa za a yi nan take, ko da dare ne, ko da ƙololuwar na gabanku kuna ganinta.